Littafin aikin Daura: shiga na'urorin shagon Kawu daga Katsina

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau na wuni a hanya saboda aikin da bai kai minti biyar ba. Kawu ya kira ni bayan asuba, ya ce yaran unguwa sun samu kalmar sirrin wayifai ɗin shagonsa na Daura, data tana ƙarewa kamar ana zubar da ita. Na bar Ƙofar Ƙaura da hantsi, mota ba ta cika ba sai wajen sha ɗaya, muka bi ta Mashi da Shargalle cikin ƙurar hunturu. Tafiyar kusan kilomita 80 ce. Na isa, na jona laftof, na canza kalmar, na yi azahar, na juyo. Kuɗin mota zuwa da dawowa naira 6,000, ban da acaɓa da abinci.

Zuwa na huɗu ke nan tun Nuwamba. A mota na yanke shawara cewa kafin azumi sai na iya shiga duk na'urorin shagon daga ɗakina. Abin da ke can: rauta ɗin MikroTik hAP ac2 mai raba intanet, suwic ɗin Cisco Catalyst 2960 mai baki 24 da aka sayo gwanjo, inda wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa, rediyon Ubiquiti guda biyu da ke kai intanet daga shago zuwa gidan Kawu, sai modem mai sim. Kwamfuta 18 ne a bayansu, na rajistar jarrabawa da buga takardu.

Laraba, 8 ga Janairu

Na aika Kano aka sayo mini wayar konsol mai kan USB a titin Beirut, wadda ake jona laftof da suwic kai tsaye da ita. Naira 8,500 da kuɗin direba.

Asabar, 11 ga Janairu

Daura. Na ce kafin in buɗe ƙofa daga nesa, bari in fara ganin ƙofofin da ke buɗe tun asali, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Rediyon biyu suna nan da sunan da kalmar da suka zo da su daga kamfani, ubnt da ubnt. Rautan yana karɓar shiga ta hanyoyin Telnet, FTP, shafin yanar gizo, da Winbox, manhajar da ake saita shi da ita, duk a buɗe. Suwic ɗin kuwa ba wanda ya san adireshinsa, wanda ya girka shi ya daɗe da barin gari.

Nan wayar konsol ta yi rana. Na jona ta, na buɗe manhajar PuTTY a kan saurin 9600, rubutu ya fito. Kalmar sirrin shiga ita ce sunan kamfanin da ya ƙera shi, ba ƙari ba ragi.

Ƙanena, ɗan Kawu wanda ke tsaron shagon, ya tambaye ni, "Yaya, to mene ne laifin Telnet ɗin, ba ga shi yana aiki ba?" Na ga gani ya kori ji. Na kunna Wireshark, manhajar da ke nuna abin da ke wucewa a hanyar sadarwa, na shiga suwic ɗin ta Telnet, na nuna masa kalmar sirrin tana wucewa harafi bayan harafi, tsirara. Telnet tun 1969 yake, lokacin da masu amfani da hanyar sadarwar 'yan tsiraru ne da suka san juna. SSH kuwa, wanda ke ɓoye hirar, a 1995 wani mai bincike a Jami'ar Fasaha ta Helsinki a ƙasar Finland, Tatu Ylönen, ya rubuta shi, bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsu ta irin wannan saurare. Shi ya nemi a ba shi ƙofa ta 22, wadda take tsakanin ta FTP, 21, da ta Telnet, 23.

A suwic ɗin na sa masa suna da sunan yanki, don ba ya ƙera makulli sai da su, sannan crypto key generate rsa da tsawon 2048. Ya ɗan jima yana lissafi. A layukan vty, na shiga daga nesa, na sa transport input ssh don ya karɓi SSH kawai, na ajiye da copy running-config startup-config. A rautan na kashe Telnet, FTP, shafin yanar gizo da API. Na canza kalmomin rediyon. Kafin in taɓa komai na fitar da kwafin saitin kowace na'ura na zuba a filasha.

Talata, 14 ga Janairu

Kwana uku ina fama da abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Ranar Asabar na kunna IP Cloud a rautan don ya ba ni suna tsayayye, na buɗe ƙofa a modem, na dawo gida ina jin an gama. Daga Katsina na ƙwanƙwasa, shiru. Na zargi modem, na zargi katangar tsaro, na sa ƙanena ya kashe ya kunna har sau uku.

Yau na ce ya karanto mini adireshin da modem ɗin ya samu daga kamfanin layi. Ya ce 100.72 da wasu lambobi. Nan na gane. Duk adireshin da ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 ba na fili ba ne, yanki ne da aka ware a 2012 don kamfanonin layi su tara dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, saboda adireshin IPv4 ya yi ƙaranci. Kamar gidan haya ne mai zaure ɗaya: na ciki yana iya fita ya dawo, amma baƙo ba zai tsaya a waje ya kira ɗaki kaza a buɗe masa ba. Duk ƙofar da na buɗe a modem ta cikin gida ce, zauren ba a hannuna yake ba.

Mafita ita ce rautan ya fito da kansa ya same ni a wani wuri da mu biyun muke iya zuwa. Wato saba, kwamfutar haya a intanet mai adireshin fili, da ramin WireGuard, rufaffiyar hanya tsakaninmu. Na sa ƙanena ya kashe IP Cloud ɗin gaba ɗaya tunda ba shi da amfani.

Juma'a, 17 ga Janairu

Na kama ƙaramar saba a Jamus, dala 5 a wata. Katina na naira bai wuce ba, wani abokin aiki ya biya da nasa na tura masa naira 8,300.

Asabar, 18 ga Janairu

Sabar ba ta kwana ɗaya a duniya ba, na buɗe rajistar shiga na tarar da ɗaruruwan yunƙuri daga adireshin da ban sani ba: root, admin, test, ubnt, ana ta gwadawa. Ba mutum ne zaune yana nema na ba, manhajoji ne da ke kewaya intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa. Irin haka muguwar manhajar Mirai ta yi a 2016, ta riƙa gwada sunaye da kalmomin kamfani wajen sittin ta Telnet, ta kame kyamarori da rautoci ba adadi. Na tuna rediyon Kawu da ubnt ɗinsu, na gode Allah da zauren nan da ya hana ni shiga, don shi ya hana su ma.

Na ƙera makulli irin ed25519 a laftof ɗina, na sa masa kalma ta kansa. Yadda nake fahimtarsa, rabin da ake ɗorawa a saba kwaɗo ne, kowa ya gan shi ba komai, rabin da ke wurina shi ne makullin. Na hana shiga da kalmar sirri, na hana shiga da babban asusun root. Kafin in rufe tagar farko sai da na buɗe ta biyu na tabbatar makullin yana buɗewa.

Alhamis, 23 ga Janairu

Daura kuma, naira 6,000. WireGuard ba ya cikin RouterOS 6, manhajar rautan, sai 7, kuma ban yarda in ɗaga manhajar rauta daga nesa a karon farko ba. Na bari sai da aka tashi shago bayan magariba. Ya tashi lafiya.

Na ba ramin adireshin 10.20.0.0: saba 1, rautan Daura 2, laftof ɗina 3. A ɓangaren rautan na sa ya riƙa aika ɗan saƙo duk daƙiƙa 25, don idan ya yi shiru zauren kamfanin layi yana mantawa da shi, hanya ta toshe. Na jona laftof da wayata, na cire shi daga wayifai ɗin shago, na kira 10.20.0.2. Ya amsa. Ina zaune taku uku daga rautan, amma saƙona sai da ya je Jamus ya dawo.

Winbox, ƙofa ta 8291, na ɗaure shi a kan adireshin rami da na cikin shago kawai. A 2018 an gano wata ɓaraka a Winbox da ke ba na waje damar karanta fayil ɗin masu amfani ba tare da ya shiga ba. Kamfanin ya toshe ta a Afrilun shekarar, amma na'urorin da ba a sabunta ba sun sha wahala. Tun daga nan ba na barin wannan ƙofa tana kallon titi.

Na kwana a gidan Kawu.

Lahadi, 26 ga Janairu

Shiga ta farko daga Ƙofar Ƙaura. Winbox yana buɗewa amma yana maƙalewa idan jerin ya yi tsawo. Na rage girman ƙunshin ramin daga 1420 zuwa 1360, ya saki.

Laraba, 29 ga Janairu

Yau na rufe kaina a waje, kuma na tsayar wa Kawu kasuwa.

Wajen sha ɗaya na safe na shiga don in gyara katangar tsaron rautan. Nufina in sa doka a ƙarshen jerin da za ta yar da duk abin da ba a ambata a sama ba. Rautan yana bin dokokin ne daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa ita ke aiki. Na rubuta dokar, sannan ina jan ta da linzami don in daidaita mata wuri, hannuna ya saki tana saman jerin, sama da dokar da ke karɓar amsar hirar da aka riga aka fara. Winbox ya daskare. Na jira. Ya ce an yanke.

Akwai maɓalli a saman Winbox, Safe Mode. Idan ka danna shi kafin ka fara, duk abin da ka canza ana riƙe da shi ne a matsayin gwaji, idan hanya ta yanke ba ka sake shi da hannunka ba, rautan yana warware canjin da kansa bayan 'yan mintuna. Na san shi. Maigidana da ya koya mini aiki ba ya taɓa katanga sai ya danna shi. Ban danna ba saboda na ga aikin ƙarami ne.

Ba a yi minti biyar ba Kawu ya kira. Kwamfutocin shagon rautan suke tambaya sunayen shafuka, to shi ma wannan tambayar dokata ta yar da ita. Mutum tara ne zaune, wasu daga ƙauye suka zo cike takardar makaranta. Ya ce, "Kai, me ka taɓa mani?" Na ce, "Kawu, laifina ne, a ba ni rabin awa." Ya yi shiru, ya miƙa wa ƙanena wayar.

Abin da ya cece ni shi ne Winbox yana iya shiga rauta ta lambar MAC, wadda na'urar ta zo da ita daga kamfani, ba sai ta adireshin IP ba, muddin kwamfutar tana jone da shi kai tsaye, kuma wannan hanya ba ta bi ta dokokin da na lalata. Ranar 11 ga wata na yi niyyar kashe ta, na ce sai an gama aiki. Na sa ƙanena ya buɗe Winbox a kwamfutar kanta, ya danna Neighbors, ya zaɓi lambar mai harufa maimakon adireshi. Dole na karanta masa babbar kalmar sirri ta waya, harafi-harafi, yana maimaitawa a gaban mutane. Ya nemo jerin, na ce ya ƙirga daga sama, doka ta farko, ya danna jan kuros ɗin da ke dakatarwa, kada ya goge. Ya ce, "Yaya, ta yi fari-fari." Kafin ya rufe baki ramin ya dawo.

Minti 40 shagon ya yi a tsaye. Mutum uku sun tafi wani shagon. Da yamma na kira Kawu na ce a cire asarar daga kuɗin aikina, ya ce a'a, amma kada in ƙara taɓa komai da rana. Ya yi gaskiya. Na canza babbar kalmar a daren.

Daga yau: ba canji sai bayan isha'i, ba canji sai da Safe Mode, ba canji sai na fitar da kwafin saiti na minti ɗaya da ya wuce. Hanyar MAC kuma ba zan kashe ta ba, zan taƙaita ta ga bakin rauta ɗaya da ke ƙarƙashin kanta.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na buɗe wa ƙanena nasa asusun mai ikon dubawa kawai. Na buɗe nawa da sunana, na dakatar da admin. Babbar kalmar gaggawa na rubuta a takarda, zan kai wa Kawu a ambulan ya sa a durowarsa.

Talata, 4 ga Fabrairu

Suwic ɗin Cisco ya ƙi karɓar SSH daga laftof ɗina. Saƙon ya ce ba su daidaita a kan hanyar musayar makulli ba. Tsohon suwic ne, tsofaffin hanyoyi ya iya, OpenSSH na laftof ɗina kuwa ya daina yarda da su sai ka ce masa ya yarda: ya kashe diffie-hellman-group1-sha1 tun 2015, sa hannun ssh-rsa mai SHA-1 kuma a 2021. Na rubuta masa izini a fayil ɗin saiti, na suwic ɗin nan shi kaɗai, ban buɗe wa kowace na'ura ba. Tunda cikin rami hirar take bi, hankalina a kwance yake da hakan.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Bayan isha'i na zauna raba hanyar baƙi da ta kwamfutocin aiki. A Cisco, abin da ka rubuta yana fara aiki nan take amma ba ya zama sai ka ajiye. Don haka na fara da reload in 10, wato in ban hana ba, ya kashe kansa ya tashi da tsohon saiti bayan minti goma.

A bakin da ya haɗa suwic da rauta na rubuta switchport trunk allowed vlan 20. Na bar kalmar add. Ba tare da ita ba, ba ƙari ka yi ba, ka share duk jerin hanyoyin da bakin ke bari su wuce ne ka bar ta 20 kaɗai, har da hanyar da nake tsaye a kanta. Allon ya tsaya. Wannan karon ban kira kowa ba. Na duba agogo, na sha ruwa, na jira. Bayan minti goma da ɗan lokacin tashi, ya amsa. Na sake da add, na gwada, na rubuta reload cancel, na ajiye. Shago a rufe, ba wanda ya rasa komai.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Rediyon gida. Na canza kalmar da ke tsakaninsu. Na gidan Kawu na fara canzawa, don shi ne na nesa, in na fara da na shago ba ni da hanyar isa wancan. Minti biyu gidan ba intanet, sannan suka haɗu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An ɗauke wuta a Daura tun daren jiya, batirin inbata ya ƙare da asuba. Da aka tada janareta intanet ya dawo a shago, amma ramin bai dawo ba. A sabar na ga ba a gaisa da rautan ba tun jiya. Na sa ƙanena ya shiga da asusunsa ya karanto mini agogon rautan. Yana baya da kwanaki.

Rautan ba shi da batirin agogo. WireGuard kuma yana sa lokaci a cikin gaisuwarsa, sabar tana riƙe da na ƙarshe da ta gani, duk gaisuwar da ta zo da lokacin da ya gaza wannan tana ɗaukar ta tsohuwa ce wani ya maimaito, sai ta yi banza da ita. To me ke gyara agogon a da? IP Cloud ɗin da na sa aka kashe ranar 14 ga Janairu. Ban san yana wannan aikin ba.

Na sauke ramin a sabar na sake tada shi don ta manta lokacin da ta riƙe. Cikin rabin minti rautan ya shigo. Na kunna masa NTP, mai gyara agogo daga intanet. Gobe da dare zan sa a zare masa wuta da gangan in ga ko zai dawo shi kaɗai.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ya dawo shi kaɗai, cikin minti biyu.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kawu ya zo Katsina ta'aziyya, ya biyo ta gida. Na nuna masa shagonsa a allon laftof, yawan na'urorin da ke jone da datar da ke fita. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe kana iya ganin abin da yaran nan ke buɗewa in ba na nan?" Na ce ana iya saita shi ya nuna sunayen shafukan, amma ban saita ba, kuma ba na so. Mutane suna zuwa shagon da lambar shaidarsu ta ƙasa, da hotunan 'ya'yansu, da takardun asibiti. Ba su san akwai wani a Katsina mai makulli ba. Na ce idan data ce damuwarsa, zan sa wa kowace kwamfuta iyaka, in kuma toshe shafukan da bai yarda da su ba, a rubuta a manna a bango kowa ya sani. Ya ce hakan ya fi.

Shi ma yana da haƙƙin sanin lokacin da na shiga. Na saita rautan ya riƙa tura rahoton duk shiga da fita zuwa sabar, ni kuma ina tura masa saƙo kafin in taɓa komai da bayan na gama. Na ba shi ambulan ɗin.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Jiya datar modem ta ƙare da la'asar, ƙofata ta rufe tare da ita har sai da aka sa wata. Duk abin da na gina a kan sim ɗaya yake tsaye. Rautan yana da bakin USB, don haka zan sayi ƙaramin modem in sa masa sim na wani kamfanin daban, da 'yar data kaɗan, aikinsa riƙe ramin kawai idan babban ya faɗi.

Abin da aka kashe zuwa yau: mota sau uku 18,000, wayar konsol 8,500, saba wata biyu 16,500. Jimla naira 43,000. Modem na biyu an ce mini wajen 20,000, ƙaramin batir na rauta da modem kaɗai kuma ina jiran farashi daga Kano.

Ana sa ran duban wata ranar Juma'a. Zan je Daura gobe in jona modem ɗin idan ya iso, in kuma bar wayar konsol a can, in koya wa ƙanena yadda ake jona ta. Suwic ɗin shi ne kaɗai har yanzu ba shi da hanya ta biyu idan saitinsa ya lalace bayan an ajiye.